Ranar da Na Lashi A-kori-kura

Ni ban san mota ba, doya na sani. Na fi shekara ashirin ina sarin doya a kasuwar Lafiya, kuma in ka miƙo mini guda ɗaya, kafin ka rufe baki zan gaya maka ko za ta kai wata uku a ajiye ko kuwa jibi za ta fara wari. In ɗaga ta in ji nauyinta, in ƙwanƙwasa, in kankare bayanta da farce, in leƙa gindinta, shi ke nan na gama. Amma mota, muddin tana da taya huɗu tana motsi, a wurina mota ce.

Direbobin haya ne suka kai ni bango. Wata shekara na sayi doya mai yawa a wani ƙauye, aka tara mini ita a bakin gona, direban da muka yi magana da shi ya rantse zai zo da sassafe. Bai zo ba, ya kuma kashe wayarsa. Ashe wani ya ƙara masa kuɗi ya tafi ɗaukar shinkafa. Kwana uku doyata tana kwance a rana, da na samu wata motar kusan rabi ta dahu tun daga ciki. Ranar na yi kuka a gaban manoma, ni da ba na son a ga hawayena. Da na dawo gida na ce wa maigidana sai na sayi motata ko da zan sayar da zanin ɗaurawata.

Ban sayar da zani ba, fili na sayar, ɗan filin da na mallaka a bayan gari, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa. Maigidana tela ne, ba mai yawan magana ba. Bai hana ni ba, ya dai tsayar da kekensa ya dube ni ya ce, "Kuɗinki ne. Amma ki sani in motar nan ta karye a hanya, ba mu da wani filin." Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji har aka gama cinikin.

Motar da nake so kuwa na daɗe da saninta da ido. A unguwar Bukan Sidi take, ƙarƙashin wani mangwaro a ƙofar wani gida, kuma duk lokacin da keke napep ya bi da ni ta wurin sai na waiwaya. A-kori-kura ce ƙirar da, doguwa, mai tsayi daga ƙasa, hancinta a murabba'i, tayoyinta manya. Da alama koriya ce a zamanin ƙuruciyarta, amma rana ta sha launin. Irin waɗannan ne direbobi ke cewa an daina yin su, ƙarfe ne zalla, ba irin na yanzu da za ka jingina da su su lotsa ba. Abin da ke ba ni mamaki, an yi shekaru ba ta tafiya, amma ban taɓa ganin tayarta a sace ba, kuma kullum ƙarƙashinta a share yake.

Na ɗauki maƙwabcinmu bakanike, wanda nake tsokana da Injiniya, muka je. Mai motar dattijo ne, manomi, mutumin tsallaken Binuwai da ya tsufa a Lafiya. Idonsa ya fara hazo, shi ya sa ya ajiye tuƙi, 'ya'yansa kuma duk aikin ofis suke yi, ba mai sha'awar tsohuwar mota. Hausarsa irin ta kasuwarmu ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ya sa aka kawo mana benci, ya zauna ya dogara sandarsa, ya ce, "Ku duba yadda kuna so. Ni ba na sauri."

Injiniya ya zo da batir ɗinsa. Ya ɗaura, ya zuba ɗan mai, ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, a na uku ta tashi da wani gurnani har kajin gidan suka watse. Daga nan na zama 'yar kallo, kuma wallahi kallon ya yi mini daɗi, don ban taɓa sanin haka ake duba mota ba. Ya ɗauki doguwar sukundireba ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa ya lumshe ido.

Na ce, "Injiniya, me take gaya maka?"

Ya ce, "Hajiya, ki yi shiru mana, ciki nake saurare."

Ya zaro wani siririn ƙarfe ya shafo mai a yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya zagaya baya ya tara farin hankici a bakin salansa, ya ɗaga ya nuna mini, wai in hayaƙin ya bar maiƙo to injin yana shan mai. Hayaƙin bai bar komai ba. Ya taka kuloci, ya shiga giya ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya unguwa da ita ya dawo yana washe baki. Na dinga jero masa tambayoyi kamar 'yar makaranta, me ya sa wannan, mene ne wancan, har ya gaji ya ce in bari sai mun koma gida. Ya ɗan durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga ko'ina baƙi ƙirin da maiƙo, ya ce tsofaffin motoci duk haka suke. Sannan ya ja ni gefe ya rage murya don kada dattijon ya ji. Ya ce, "Hajiya, injin nan sai ya binne ni da ke. Ki taya kawai."

Saura kaɗan in taya. Abin da ya tsayar da ni, ni ba a inji zan zuba doya ba, a baya zan zuba. Sai na zagaya in ga wurin kayana. An shimfiɗe bayan da katakai masu kauri, an jera su tsaf, kuma ko ni na san ba haka aka ƙero ta ba. Na tambayi kaina, me ake ɓoyewa da katako? A kusurwar hagu, can jikin ƙofar baya, bakin wani katako ya gutsure, kuma a cikin tsagar na hango wani abu fari-fari ya daskare. Hannuna ya yi abin da ya saba yi wa doya, na sa farce na kankaro. Ban san lokacin da na kai yatsan bakina ba.

Gishiri ne.

A Awe aka haife ni, kuma mahaifiyata gishiri take dafawa, kamar yadda uwarta ta yi. Da rani mata za su kankaro ƙasar da gishiri ya fito a kanta, su zuba a tukwane masu huji, su kwarara ruwan gishiri a kai ya tsatso, sannan a dafa shi a kan wuta har ruwan ya ƙone ya bar farin gishiri. Tun ban kai in ɗauki tulu ba nake tura itace a murhun nan. Don haka akwai abu ɗaya da na sani game da ƙarfe wanda Injiniya da sukundirebarsa bai kai ni sani ba. Kwanon ƙarfen da Inna ke dafa gishiri a ciki, komai kaurinsa, ba ya daɗewa. Za ka gan shi lafiya lau ta waje, ranar da za ka ɗaga shi sai gindin ya zube maka a ƙafa. Gishiri ba ya cin ƙarfe da hayaniya, a hankali yake ci, kuma ta inda ido ba ya kaiwa.

Raina ya ɓaci nan take. Ni dama ba ni da doguwar igiya. Na dawo gaban dattijon da yatsana a sama na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, me motar nan ta yi ta ɗauka?"

Ya ce, "Gishiri. Daga Awe. Shekara da shekaru."

"Shi ne ka zauna ka zuba mana ido muna ta sauraren inji? So kake in kwashe abin da na mallaka in sayi tsatsa?"

Injiniya yana ta taɓa ni da gwiwar hannu wai in sassauta, na ture shi. Dattijon bai ko motsa ba. Ya ce, "Madam, shi ya tambayi inji, inji ya ba shi amsa. Kai ne na farko da ya tambaye ni. Mutum nawa sun zo nan, ba wanda ya je baya." Sannan ya yi mini bayani. Wai tun tafiyarsa ta farko wata tsohuwa a Awe ta gargaɗe shi, shi ya sa ya shimfiɗa katako, yana kuma ɗora tabarmi a kai kafin a yi lodi. Duk dawowa sai ya kai ta rafi ya wanke ta ciki da waje. Duk ranar Asabar kuma sai ya shiga ƙarƙashinta da gwangwanin baƙin mai, wanda aka juye daga inji, ya shafe ƙarfen da buroshi. Baƙin da Injiniya ya gani ke nan.

Na ce a raina, kowane mai sayarwa da labarinsa. Ni ma in doya ta kwana biyu a hannuna na san irin zaƙin bakin da nake yi. Ban taya ba, na ce wa Injiniya ya kwance batir ɗinsa mu tafi.

A keke yana ta mita, wai na bar garaɓasa saboda ɗan gishirin da bai cika cokali ba. Na tambaye shi, in tsatsa ta ci mota, ina ne in ya lalace an gama? Ya ce shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da suka tashi daga gaba zuwa baya, waɗanda komai na motar yake zaune a kansu. Inji ana gyarawa, bodi ana faci, amma in shasi ya ruɓe, rana ɗaya za a yi lodi a faɗa rami mota ta rabe biyu. Na ce to shi ka duba? Ya ce ai ya leƙa.

Kwana biyu ina kasuwa amma hankalina yana Bukan Sidi. Ba tsoron asara kaɗai ba, har da son sani. Shin da gaske baƙin mai yana hana gishiri cin ƙarfe? In haka ne, me ya sa ba a taɓa gaya wa Inna ba? Sai na tuna ai ba a shafa wa kwanon da za a ɗora a wuta mai, na yi wa kaina dariya. Wani abin kuma ya dinga dawo mini. Muna yara akwai wata koriyar mota da ke zuwa unguwarmu ɗaukar gishiri, in ta tashi mu bi ta da gudu muna ɗafewa, direban yana leƙo kai yana yi mana tsawa. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, ban sani ba. Koriyar mota ai ba ɗaya ba ce a duniya.

Rana ta uku na koma, da tabarma a hammata, da ƙaramar guduma da wuƙar da nake yanka doya. Injiniya ya biyo ni yana cewa, "Hajiya, don Allah kada ki ba mu kunya a unguwar mutane." Na ce kunyar ta daɗe ba ta zo ba, filina na sayar. Na gaida dattijon, na ba shi haƙurin ɗaga muryar da na yi masa, ya ce ba komai. Na ɗaure gyalena a ƙugu, na shimfiɗa tabarma, na kwanta rigingine na ja jiki na shige ƙarƙashin mota. Ina jin matan gidan sun fito suna magana da yarensu suna dariya, ban kula su ba.

Yadda nake yi wa doya haka na yi mata. Doya mai lafiya in ka ƙwanƙwasa ta amo ɗaya take bayarwa, wadda ta fara lalacewa ta ciki kuwa sai ka ji sautin ya mutu. Na fara daga gaba, ina bugawa ina saurare, taƙi bayan taƙi. Ƙarfen yana amsawa ƙal-ƙal. Na sa wuƙa na kankare maiƙon, ya yi kauri kamar ƙanzon tuwo, kuma a ƙarƙashinsa sai ga ƙarfe toka-toka, sumul, ba ja ko kaɗan. Na kankare wuri ya fi goma. Baƙin mai yana ɗiga mini a goshi, ni kuwa daɗi nake ji kamar na tsinci kuɗi.

Ina matsawa wajen tayar baya sai na ji muryar dattijon daga kan bencinsa. "Madam, in ka kai hagu, bayan taya, za ka ji ya canja. Wurin ya taɓa ci, na sa an yanke an yi walda." Na kai wurin na buga, sautin ya canja kuwa, na shafa na ji tabon waldar. Da bai faɗa ba ma zan gano, amma ya riga ni.

Na fito duk na yi dumu-dumu, na ce wa Injiniya ya shiga ya ga waldar. Wannan karon ya shiga da gaske, ya daɗe, ya fito ya ce aikin ya yi kyau. Amma ya ƙara da wata magana. Ya ce ƙarafan nan kamar akwati suke, suna da ciki, kuma ba guduma ba wuƙa da za ta nuna abin da ke can ciki sosai. In ruwan gishiri ya taɓa kwanciya a ciki aka bar shi, sai dai mai motar ya faɗa. Na juya wurin dattijon, ya ce duk wankin da zai yi sai ya zura tiyo ta hujin ƙarfen har ruwa ya fito fari, sannan ya ɗura mai. To, ga inda aka tsaya ke nan. Duk dubawata da ta Injiniya ta ƙare a kan maganar mutum ɗaya, wanda kuma shi ne mai son a saya.

Na zauna a bencin ina goge fuska, ina tunanin fili, ina tunanin maganar maigidana. Ban shirya tambayar ba, fitowa ta yi da kanta. Na ce, "Baba, a Awe, ka san wata mata doguwa, baƙa, mai tsagar gado a kumatu, tana ɗan ɗingisa ƙafar dama? Murhunta yana kusa da wata tsamiya. Mahaifiyata ce. Ta rasu ina da ciki na fari."

Ina rufe baki na san na yi wauta. Ni da nake koya wa mata ciniki, nake ce musu kada ki taɓa bari mai kaya ya ga abin da ke ranki, ga shi na miƙa masa wuƙa da nama. Abin da kawai zai ce shi ne, "Ayya, na san ta, mutuniyar kirki," ya ƙara da cewa tana yi masa gyara mai yawa. Da ya faɗi haka da na fashe da kuka, da kuma ko nawa ya yanka sai na biya. Ya ji muryata tana rawa, ya san hakan sarai.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana juya sandarsa. Na ga da gaske nema yake a cikin kansa. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Madam, ka yi haƙuri. Mata suna da yawa a wurin, shekaru kuma sun yi nisa. Tsamiya na tuna. Mamanka ban tuna ba."

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na so ƙwarai a ce akwai wani a garin nan da ya san fuskar Inna. Amma ina cikin jin zafin ne lissafin 'yar kasuwa ya dawo mini. Mutumin da aka ajiye wa ƙarya mai sauƙi haka a gabansa, wadda ba mai iya kama shi har abada, ya ƙi ɗauka, ba shi ne zai yi mini ƙaryar tiyo da baƙin mai ba.

Na taya. Ya ce albarka. Na ƙara, ya sake cewa albarka, muka ja kamar yadda ake ja, don ko an yarda da juna ciniki ciniki ne. A na uku ya ce ya sallama. Da yake bakina ya saba, sai na ce, "To Baba, ina gyara?" Injiniya ya kama kai, wai a mota ma sai an yi gyara? Dattijon ya yi dariya har da tari, ya tashi ya shiga gida yana lalube, ya fito da wani tsohon gwangwani da buroshin da gashinsa ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Ga gyara. Kowace Asabar. In ka bari, kada ka zo ka ce na cuce ka."

Tafiyar farko ƙauyen nan na koma, inda doyata ta taɓa dahuwa a rana. Na samu direba mai hankali, muka yi lodi har ya tsorata, ni kuma na zauna a gaba. Akwai wani rafi a hanyar mai gangare da hawa, duk ramuka. Da muka gangara bayan motar ya faɗa rami ya yi wata ƙara, na dafe ƙirji na ce shi ke nan, fili ya tafi. Ta yi nishi, ta ja, ta haye. Direban ya dube ni ya ce, "Hajiya, ki saki ƙofar, ba za ta gudu ba." Sai a lokacin na ga yadda na ƙanƙame ta.

Yanzu damina uku ke nan tana yi mini aiki. Ranar Asabar da hantsi ni da kaina nake shiga ƙarƙashinta da gwangwanin, maƙwabta sun gaji da dariya sun daina. Bara Injiniya ya cire tsofaffin katakan ya sa sababbi, ya kankare bayan tas ya yi fenti. Da ya zo kusurwar hagu na riƙe hannunsa na ce ya bar nan.

Ya ce, "Haba Hajiya! Ke da kika fi kowa sanin abin da gishiri ke yi wa ƙarfe?"

Na ce na sani, ya bar shi.

Ban san ko gishirin Inna ne ba, mai motar ma bai sani ba. Wuri ne da bai fi tafin hannu ba, kuma na ga ya fara yin ja a gefe. In an sauke doya kowa ya watse, nakan zagaya in sa farce in kai baki. Har yanzu ana ji, amma bana bai kai bara ba.